Kiran da Gwaggo Ta Bar Mini

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu. Ranar Talata da hantsi ta cika, kafin azahar an kai ta makwancinta, yau kwana goma sha biyu ke nan. Rubuta haka, kar ka gyara mini magana. Yadda ta fito daga bakina haka nake so ta zauna a takardar.

Ni ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Dangi sun zo, maƙwabta sun zo, wannan ba abin faɗa ba ne. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne baƙin da suka yi ta shigowa. Mata ne dattawa, wasu daga Guri, wasu daga Malam Madori, wata tun daga wajen Baturiya ta tako, ƙafafunta duk taɓo. Su shigo su yi gaisuwa, su nemi lungu su zauna, su yi ta hawaye ba sauti. Maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya ganin abu ta ƙyale, ta matsa kusa da ɗaya ta ce, "Baiwar Allah, ke kuwa mene ne haɗinki da mamaciyar?" Matar ta share ido ta ce, "Kifi nake saye a wurinta." Ta tambayi ta biyu, haka. Ta uku, haka. Sai ta dawo gefena tana riƙe da haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ni ma fa shekara ashirin ina sayen kifinta, amma ban ji zan yi irin wannan kukan ba."

A waje ma, an ce wani mutum mai babbar riga, wanda shi ke jan salla a ƙauyensu, ya ƙi hawa tabarma. A ƙasa ya zauna ya yi ta kuka har sai da aka ba shi ruwa. Da aka tambaye shi, shi ma kifin ya ce.

Na san kifin da suke nufi, don ni ma na saya. Duk macen da ta faɗi haka tana da ɗan da giya ta taɓa ɗauka, Gwaggo ta taya ta ƙwato shi. Nawa ɗan shi ne wannan da ke riƙe da alƙalami a gabana. Ɗan farina ne. Shekara uku ke nan rabonsa da giya, in an cire sau ɗaya, kuma duk shekarun nan ba ni na riƙe shi ba, ba ubansa ba, Gwaggo ce. Yanzu ba ta. Tun da aka fita da ita ban zauna wuri ɗaya na daɗe ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa zaure in dawo, in ji motsin takalmi gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, na faɗa a fili. Kar ka dube ni, takardarka za ka duba.

Yayar maigidana ce. Da 'ya'yana suka buɗe baki suka ce Gwaggo, ni ma na bi su, unguwa ma ta bi. Gajeriya ce, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, haƙoranta ja wur da goro. Bandar kifi ce sana'arta, kuma ko wanka ta yi da sabulu, ko turare ta sha ranar salla, hayaƙin nan yana jikinta. Murya kuwa, in ta tsaya a wannan gaɓa ta Kogin Haɗejiya ta yi kira, masunta na waccan gaɓar suna amsawa. In ranta ya ɓaci sai ta bar Hausa ta koma Barbarci, ba ka jin me take cewa amma ka san ba addu'a ba ce. Ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. Ko gaisuwa ka je yi mata, kafin ka gama "ina kwana" ta miƙo maka wani abu ta ce, "Riƙe nan, akwai aiki."

Ni Bafillatana ce, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Ranar da aka kawo ni gidan nan ta ɗaga mayafina, ta matsa dantsena ta ce, "Auta, wannan ƙashin ka sayo mana? To, baiwa dai baiwa ce, ma yi maneji." Auta shi ne maigidana. Har ya yi furfura, har ya zama wanda ake kira sasanta rigima a unguwa, ba ta daina ce masa Auta ba. Ni kuwa ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai Bafillatana.

Sai na faɗi yadda muke a gidanmu, in ba haka ba wanda ya karanta zai ce ni muguwar uwa ce. Wataƙila ma ya faɗa duk da haka, oho. Mu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na gani. In tuwo ya sauka sai in juya wajen bango in ce, "A gaya wa mutumin ɗakin can." Yana ɗan shekara biyar ya yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da shi, kakarsa ce ta riƙe shi, ni ina bayan ɗaki ina daka. Aka yi ta yaba mini, wai 'yar mutunci ce, ta san kunya. Na ji daɗin yabon kuwa, ba zan ɓoye ba.

Ya yi elementare, ya iya boko, ya samu aikin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, wurin awon gyaɗa. Farin wando, keke, takalmi mai ƙara. Aka yi masa aure, aka samu 'ya mace. Sai dai a bayan layin dogo akwai bukkokin da ake dafa burkutu, abokan aiki suka ja shi can, daga ƙwarya aka koma kwalba. Na gane tun kafin kowa ya gane. Zai zo ran Juma'a bakinsa cike da kanumfari, ya gaida ubansa daga nesa. Na ga idonsa, na ga rigarsa ta fara yi masa yawa. Na yi shiru, don in na yi magana an ce na damu da ɗan fari. Keken ya tafi. Matar ta ɗauki goyonta ta koma gidansu. Aikin ma ya tafi, amma shi bai dawo ba, ya zauna can bayan dogo har damina ta faɗi.

Wata ranar Laraba da la'asar, daidai mutane na fitowa daga masallaci, masu jakai da suka dawo daga tasha suka tsaya a ƙofar gidan nan. A kan jaki suka kawo shi, a gicciye, kamar buhu. Suka sauke shi a zaure, suka ce a bakin hanya suka tsince shi. Ubansa ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ce, "Ku shaida, ni ba ni da ɗa. Gobe a kai shi gaban alƙali a yi masa bulalarsa, daga can ya san inda zai nufa." Ni me na yi? Tankaɗe nake yi da aka shigo da labarin, tankaɗena na ci gaba da yi. Rubuta wannan ma, kar ka tsallake.

Sai ga Gwaggo daga bakin kogi da kwando a ka. Ba ta ko sauke ba ta tsaya a kan ƙanenta.

"Auta, me na ji ka ce?"

"Yaya, ki bar maganar nan. Ya zubar mini da mutunci a gaban jama'a."

"Mutuncinka! Ni na wanke maka kashi, na san girman mutuncin naka. Bulala tamanin za ta cire masa ƙishin abin nan? In za ta cire, miƙo mini bulalar in yi da kaina, in ƙara masa ashirin."

"To me kike so in yi da shi?"

"Kai ba abin da za ka yi yau sai rufe baki. Naka aikin yana gaba."

Daga nan ta faɗo ɗakina ba sallama. Ta ce, "Bafillatana, ruwa ya fara cika. Jibi zan wuce tudun da nake banda, zan tafi da shi. Ɗaure kayanki."

Na ce, "Ni? Haba Gwaggo, ɗan fari ne fa. Ki tafi da ƙanwarsa."

Ta ce, "Ba na karɓar ɗa ba uwa. In uwar ta mutu, a kawo wadda ta goya shi. Ke kin mutu?"

Na ce me mutane za su ce. Ta ce, "Abin da suka ce da suka gan shi a kan jaki, shi za su maimaita."

Na ɗauka barazana ce. Wallahi ranar Juma'a da sassafe ta ɗauki kayanta ta tsallake shi yana kwance a zaure, ta kama hanyar kogi ita kaɗai, ko waiwaye. Na tsaya a tsakar gida ina jiran ta dawo. Ba ta dawo ba. Ban san lokacin da na tattara zannuwa biyu na ƙulle ba. Na fito zaure na ce wa bango, "A tashi a bi ni." Muka same ta a bakin ruwa zaune cikin kwalekwale, tana cin goro. Ta ce wa mai tuƙi, "Ka gani? Na ce maka Fulani sai an yi kamar za a bar su."

Tudun nata yana can cikin fadama wajen Baturiya. In kogi ya cika, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ba ka ganin komai sai bado da ciyawar burugu da tsuntsaye. Goruba biyar, bukka uku, da wurin banda. Mai kwalekwalen ya sauke mu ya juya, ta ce kar ya sake zuwa sai ya hango farin ƙyalle a kan goruba. Masunta suna zuwa a kan gorunansu su kawo kifi, amma ta riga ta gargaɗe su: duk wanda ya ɗauki wani daga tudun nan, ko ya kawo abin da ba kifi ba, ya nemi wata mai bandar. A gari kuwa abin da aka sani shi ne, wane ya tafi taya Gwaggo aikin kifi. Ko sau ɗaya ban ji ta faɗi sirrin ɗan wani ba.

Kwana biyu na farko zagi muka sha daga bakinsa. Rana ta uku jikinsa ya kama rawa. Gumi, amai, haƙora na haɗuwa da tsakar rana. Ya riƙa kaɗe jikinsa yana cewa ƙwari na bin sa, ba ƙwaro ko ɗaya. Gwaggo ta dama kunun tsamiya ta ba shi, hannun ya watsar. Ta sake zubawa, ta miƙo mini ludayin.

"Ɗora kansa a cinyarki ki ba shi."

"Gwaggo..."

"Wa kike jin kunya a nan? Zalɓe?"

Rabona da taɓa jikinsa tun yaye. Na ɗora kan, na ji shi zafi zau, ba nauyi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Wace ce?" Kai, wannan kalmar! Bai gane ni daga kusa ba, don bai taɓa ganin fuskata daga kusa ba. Ka tuna? To, ba ka tuna ba, ni na tuna. Na ba shi ludayi bakwai, ya mayar da huɗu.

Rana ta shida muna fiɗar kifi da hantsi, sai muka ji facal. Ya shiga ruwa, wai zai yi iyo har gaɓa, mutumin da ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Ruwa ya kai masa ƙirji. Na miƙe tsaye, bakina a buɗe, ba abin da ya fito. Gwaggo ce ta kama sunansa, ta ƙwala shi har tsuntsayen dinya suka tashi daga cikin burugu. Ta ce, "Zo nan, wuta na mutuwa, akwai aiki!" Ya tsaya. Ya juyo. Ya fito yana ɗigar ruwa, ta miƙa masa itace kamar ba abin da ya faru.

Da ya ba da baya ta ce mini, "Ke ya kamata ki kira shi."

Raina ya riga ya ɓaci, ga tsoro, ga sauro ya hana ni sakat kwana shida. Na ce, "Na bar gidana, na taɓa shi, na wanke amansa, me kuma kike so? Ke da ba ki da ɗa, me kika sani?"

Tir da bakina. Ba ta yi Barbarci ba, ba ta yi Hausa ba. Ta koma wurin banda ta yi ta juya kifi, har wanda bai isa juyi ba. Sai da rana ta yi sanyi ta zo ta ajiye mini karfasa mafi girma a cikin kamun ranar, ta zauna.

Ta ce, "Ina da ɗa. Kafin a kawo ki ya bar gari, shi ya sa ba a gaya miki ba, na hana a ambace shi. Lokacin da ake shimfiɗa dogo aka ɗebe shi aikin, can ya koyo sha. Ya zo mini sau ɗaya yana tangaɗi, na kore shi don kar a gani. Aka aiko mini yana kwance ba lafiya, na ce sai ya tuba tukuna. Aike na biyu na rasuwa ne. Ban san inda kabarinsa yake ba." Ta ɓare goro ta ba ni rabi. Ta ce, "Ci kifinki. In kin faɗi, wa zan ba wa ludayin?"

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Wannan yana cikin abin da ke hana ni zama.

Abin da mutane ba su sani ba, da 'ya'yan ba ta yawan magana. Aiki take ba su, faskare, gyaran koma, tsaron wuta, su ci romon tarwaɗa, su sha rubutun da take karɓowa wurin wani malami, su yi salla a kan lokaci, su kwanta a gajiye. Da mu iyaye take zama. A wannan shekarar an kawo wata mata daga Guri da nata ɗan. Gwaggo ta haɗa mu a kwando ɗaya na fiɗa, ta ce ita za ta duba wuta, ta ɓace rabin yini. Da farko ba mai kallon wata. Can matar ta ce, "Naki ma yana ganin ƙwari?" Shi ke nan, muka yi ta zuba har kwandon ya ƙare. Ban san akwai wata uwa a duniya da ta ji abin da na ji ba sai ranar. Ita ce ta zauna a lungun randa ran makoki, ban ce na san ta ba, ita ma ba ta ce ba.

Gwaggo ce ta koya mana kada mu yi wa ɗa ƙarya don mu rufa masa, kuma kada mu tozarta shi gaban mutane. Ita ta nuna mini alamar nawa. Ta ce, "Dubi hannunsa. In abin ya motsa masa, wuyansa yake shafawa, ya kasa zama. Kar ki yi masa wa'azi a lokacin, ba zai ji ba. Kira shi, ki ba shi abin yi. Abin yana zuwa ne ya wuce, in an samu wanda ya tsaya tare da shi."

Wata biyu da kwanaki muka yi. Ran da za a ɗaura farin ƙyalle a goruba, shi ta sa ya hau ya ɗaura. Da muka dawo Haɗejiya ta zuba tuwo a akushi ɗaya, ta ajiye a zaure, ta ce wa ƙanenta, "Auta, ga aikin da na ce maka yana gaba." Ya ce shi ya riga ya yi magana gaban jama'a. Ta ce, "To ka ci gaban jama'a." Ta tsaya a kansu har suka sa hannu tare. Gidan surukai kuwa sau huɗu ta je, ana ba ta ruwa ana sallamar ta, a na biyar ta dawo da matar da 'yar.

A shekara ta biyu ya zame. Kakar gyaɗa ce, jakai na ta wucewa arewa zuwa tasha, aka neme shi aka rasa. Kwana biyu sai ga shi da rana tsaka, ya tsaya a bakin zaure ya kasa shigowa. Na shiga ɗaki na fashe da kuka, na ce duk wahalarmu ta tashi a banza. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Banza? Wancan karon jaki ne ya kawo shi, yau da ƙafarsa ya zo. Tashi ki ɗora masa ruwan wanka."

Tun daga nan idonta bai bar shi ba. Ko tana ƙuryar ɗaki, ban san yadda take yi ba, da ya kai hannu wuya sai ka ji sunansa ya cika gidan. "Zo ka ɗaga mini kwandon nan." "Zo ka raka ni bakin kogi." Wani lokaci kwandon ba komai a ciki, shi ma ya sani, ya ɗaga. Ni kuwa na koyi yi masa magana kai tsaye, na koyi zuba masa abinci da hannuna, amma sunan ya ƙi fita. Na ce a raina ai ga Gwaggo.

Bana ta dawo daga tudu da tari. Kwana tara ta yi a kwance. Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta kama wuyan hannuna, hannun nata ya zama ƙashi amma riƙon yana nan.

"Bafillatana, in ba ni, wa zai kira shi?"

"Ke dai za ki tashi ki kira abinki."

"Bar wannan. Faɗi sunan in ji. Ni kaɗai ce a ɗakin."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji kamar uwata na tsaye a bayana. Na ce, "Gwaggo, bari in kawo miki kunu." Ta sake ni, ta juya wajen bango, ta faɗi wata kalma da Barbarci. Abu ɗaya ta roƙe ni a duk zamanmu, na hana ta, ta tafi ba ta ji ba. Ina jin haushin kaina, kuma ba na so kowa ya ce mini in yi haƙuri.

Ɗan nawa shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ran sadakar uku da safe malamai sun cika ƙofar gida, tabarmi har bakin lungu, ubansa na tsakiya. Ya shigo ɗaukar ƙwaryar gumba. Ina kallonsa ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ya dubi tabarmarta a naɗe. Sai hannun ya tafi wuya. Ya ajiye ƙwaryar. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Na jira a kira shi. Ka ji wauta, ni da na wanke ta da hannuna, na tsaya ina jiran muryarta. Gidan ya yi tsit, sai kukan tabarya daga maƙwabta. Na bi shi zaure ba mayafin kirki. Ya riga ya wuce tabarmar ƙarshe, ya juya arewa, hanyar da jakai ke bi zuwa tasha. Na dubi ubansa, kansa na ƙasa yana jan carbi. Ba wanda ya lura. Saura taku kaɗan ya sha kwana.

Na kira shi.

Muryar ba ta Gwaggo ba ce, ta fito a karye kamar ta mai mura, amma sunan ne, cikakke, wanda aka raɗa masa. Malamai suka ɗago. Wani ya tsaya a tsakiyar addu'a. Na ji maƙwabciyar nan a bayana tana cewa, "La ilaha, ɗan farin ta kama!" Ban juya ba. Na sake kira.

Ya tsaya, bai waiwayo ba, har na ɗauka zai ci gaba. Can ya juyo ya ce, "Na'am, Inna."

To fa. Gwaggo kullum da aikinta a hannu, ni ban tanadi komai ba. Ga jama'a na kallo, ga shi yana jira. Na ce, "Zo." Ya zo. Na ce, "Zo ka nemo takarda ka rubuta mini Gwaggo, kar a manta da ita." Abin da ya zo bakina ke nan. Ubansa ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya matsa ya ba shi hanya.

Yau kwana tara muna yi. Kullum da safe in kira shi, ya zo ya zauna, in faɗa ya rubuta, in ce ya karanta mini, in ce ba haka ba ne a sake. Rabin gyaran nan ba gyara ba ne, ja nake yi, ya kuma sani. Matan unguwa wasu sun daina gaishe ni da kyau, wai na zubar da kunya da tsufana. Su sha zamansu. Ƙanwata ta aiko daga ruga wai me ta ji, na ce a gaya mata abin da ta ji haka ne.

Yanzu ga shi labarin ya ƙare, ba ni da sauran abin faɗa, kuma jakai ba su daina wucewa ba. Ban san me zan ba shi gobe ba. Akwai kwandunanta, akwai wurin bandar da ke son gyara kafin ruwan baɗi, in ya ƙare in nemo wani. Ban iya abin da ta iya ba, ban da muryarta, kuma tsoron bai tafi ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haɗa ta da ɗanta inda ba mai korar wani. Ya yafe mini abin da na faɗa mata a tudu da abin da na ƙi faɗa mata a ɗaki. Rufe a nan. Ka ajiye alƙalamin ka je ka ci abinci, na ga ba ka karya ba.

Inna ta ce in rufe, ta tashi ta shiga madafa. Ni mai rubutu zan ƙara kaɗan, tun da ba ta iya karatu ba. Ran sadakar uku tasha na nufa, ba wani wuri ba, kuma da na sha kwanar nan da ban tsaya ba. Yau ma abin ya motsa mini tun da asuba. Da gari ya waye ta tsaya a tsakar gida ta kira ni, sai da ta kira sau biyu. Na ji tun na farko. Shiru na yi don ta sake faɗa.